Kafin Ka Mayar da Talabijin ɗin OLED Allon Kwamfutarka

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban talabijin ɗin OLED a shagon kayan lantarki ya san yadda yake ɗaukar ido. Sirrinsa yana cikin baƙinsa. Talabijin ɗin da muka saba da su suna da fitila a bayan gilashi wadda ba ta mutuwa, shi ya sa baƙinsu ke fitowa toka-toka. A OLED kuwa kowane ɗigon hoto shi ke samar da haskensa, kuma ɗigon sun haura miliyan takwas a allon 4K. In dare ya yi a cikin fim, ɗigon wurin sai su mutu ƙurmus, duhu ya fito duhu na gaske. Wannan ne ya ja masu tace fina-finai da masu wasannin kwamfuta suka fara ɗora shi a tebur a madadin monita.

Batun girma ba ya buƙatar dogon bayani. Kamfanin LG ya fitar da mai inci 48 a 2020, sannan mai inci 42 a 2022, kuma a ganina na 42 ɗin ne kaɗai ya dace da tebur. Faɗinsa ya kusa mita guda, don haka sai ka ja kujera baya. Mai inci 55 wuyanka zai ba ka labari kafin azahar. Ka kuma duba kwamfutarka: talabijin ba shi da ramin DisplayPort, sai HDMI, kuma in kana son hoton 4K mai sauyawa sau 120 a daƙiƙa, dole ramin kwamfutar da wayar haɗin duka su zama HDMI 2.1.

Mai yawan rubutu zai ga abubuwa biyu. Ka buɗe farin shafi a Word ya cika allon, nan take haske zai ragu da kansa, domin an ƙera shi ya kare kansa daga zafi. Sannan in ka matso kusa ka dubi ƙananan haruffa, za ka ga gefensu bai yi kaifi ba. Dalili shi ne Windows yana gyara rubutu bisa tsarin ja da kore da shuɗi, alhali allon LG ya ƙara fari a kowane ɗigo. Sanya talabijin ɗin a tsarin kwamfuta yana rage matsalar, amma ba ya kawar da ita.

Babban abin tsoro shi ne tabo. Ɗigon OLED suna tsufa gwargwadon aikin da suka yi. Fim kullum motsi yake, don haka tsufan yakan zo daidai ko'ina. Kwamfuta kuwa tana barin abubuwa a wuri guda awa da awa: layin ƙasa na Windows, agogo a lungu, layukan Excel. Sannu a hankali inuwarsu takan zauna a allon har abada. Maganinsa shi ne ɓoye layin ƙasan, sanya baƙin bango, rage haske, da barin allon ya kashe kansa in ka tashi.

Akwai wani abu da ya shafe mu nan gida, kuma shi na fi so mai karatu ya riƙe. Bayan an yi 'yan awoyi ana amfani da shi, talabijin ɗin yakan yi aikin daidaita ɗigonsa na 'yan mintuna, amma sai an kashe shi da rimot an bar shi a jone. Mu kuwa mun saba da zare soket da zarar mun gama, ga kuma ɗauke wuta ba sallama. Duk lokacin da aka katse wutar, aikin bai yiwu ba, tabo kuma ya samu ƙofa. Don haka ka sa kuɗin inbata ko UPS cikin lissafinka tun farko, kuma ka tambayi mai shago ko garantinsa ya haɗa da tabo, ya rubuta maka a takarda.

In aikinka hoto ne da bidiyo, ko wasa, ka saya, za ka ji daɗinsa. In kuwa wuni kake kan rubutu da lissafin ofis, ka nemi monita mai kyau na inci 27, ka bar OLED a falo.