Yadda Ake Gane Sankarar Burkitt a Ɗakin Bincike

A shekarar 1958, likita Denis Burkitt da ke aiki a Kampala ta ƙasar Uganda ya ba da bayanin wani kumburin muƙamuƙi mai kama yara. Sankara ce ta fararen ƙwayoyin jini da ake kira B, masu kare jiki daga cuta. Ta fi yawa a ƙasashen zazzaɓin cizon sauro, har da Nijeriya.

To, amma sankarar ƙwayoyin B iri-iri ce, kowace da maganinta. Saboda haka akan gutsuro ’yar tsoka daga kumburin, a yanka ta siriri, a rina, a duba da madubin likita. Ta Burkitt takan fito kamar sararin sama mai taurari. Daga nan sai a zuba sinadarai masu manne wa alamomin ƙwayoyin: CD20 ya nuna ƙwayar B ce, Ki-67 ya nuna kusan dukkansu rarrabuwa suke yi. Gwajin gado kuwa yakan nuna musayar yanki tsakanin kuromosom na 8 da na 14.

Jinkiri a nan hatsari ne, domin kumburin kan ninka cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma yana jin magani ƙwarai idan an gane shi da wuri.