Ɗaukar Mai Bincike Mai Zaman Kansa: Abin da Doka Ta Yarda da Shi da Inda Ta Tsaya

Mai bincike mai zaman kansa shi ne mutumin da ake biya lada domin ya gano wa wani gaskiyar wani al'amari, alhali kuwa shi ba ɗan sanda ba ne, ba kuma ma'aikacin Gwamnati ba. Masu neman sa sun haɗa da lauyoyi, da bankuna, da kamfanonin inshora, da attajirin da abokin cinikinsa ya tsere da dukiya, har ma da mijin da zargi ya hana shi barci.

Sana'ar ta daɗe a ƙasashen Turai da Amurka. A shekarar 1833 ne Vidocq, wani tsohon fursuna wanda ya taɓa shugabantar 'yan sandan ciki na Faransa, ya buɗe ofishin bincike a Faris. A Amurka kuwa Allan Pinkerton ya kafa nasa kamfanin a Cikago wajen 1850. Kamfanin ya bunƙasa har masu masana'antu suka riƙa ɗaukar mutanensa domin murƙushe yajin aiki. A watan Yuli na 1892 aka tura kimanin 300 daga cikinsu, da bindigogi, zuwa masana'antar ƙarfe ta Homestead, aka gwabza da ma'aikata, aka rasa rayuka a ɓangarorin biyu. Shekara ta zagayo, a 1893, Majalisar Amurka ta hana Gwamnatin Tarayya ɗaukar irin waɗannan mutane aiki.

Abu na farko da mai ɗauka zai duba shi ne lasisi, kuma a nan ƙasashe sun sha bamban ƙwarai. Yawancin jihohin Amurka ba sa barin kowa ya yi wannan sana'a sai da lasisi. A Kaliforniya, alal misali, sai mutum ya cika shekara 18, ya yi aikin bincike na awa 6,000, watau kimanin shekara uku, ya ci jarrabawa, sa'an nan a ɗauki hoton yatsunsa a bincika ko ya taɓa aikata laifi. Ingila kuwa ta yi doka a 2001 wadda ta ba da damar yi wa masu bincike lasisi, amma ba a aiwatar da wannan ɓangare ba. Abin mamaki ne a ce mai gadin ƙofar gidan rawa a Landan sai da lasisi, amma mai tonon asirin mutane ba ya bukata. A Nijeriya dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta wajabta lasisi, ta kuma hana su riƙe bindiga, sai dai ita kan gadi da tsaron dukiya ta fi mai da hankali.

To, amma fa lasisi ba ya mai da mutum hukuma. Mai bincike ba shi da wani iko da ya wuce na kowane ɗan ƙasa. Yana iya tsayawa a bakin titi ya lura da mai shiga da mai fita, ya duba takardun da doka ta buɗe wa jama'a, kamar rajistar kamfanoni da hukuncin kotu, ya kuma yi tambaya ga wanda ya yarda ya amsa. Ba shi da ikon shiga gidan wani ba izini, ko buɗe wasiƙarsa, ko sauraron wayarsa, ko tsare shi domin tambayoyi. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa, da gidajensu, da wasiƙunsu, da hirarsu ta waya. Dokar Final Kod da ta fara aiki a Arewa a 1960 ta hukunta kutse da yin sojan gona da sunan ma'aikacin Gwamnati. Daga bisani dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba izini, dokar kare bayanan mutane ta 2023 kuma ta ƙayyade yadda za a tattara bayanan mutum a yi amfani da su. Ga Musulmi hanin ma ya riga waɗannan duka, domin Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane.

Inda mutane suka fi ruɗuwa shi ne zaton cewa laifin na mai binciken ne kaɗai, wanda ya biya kuɗi kuwa hannunsa tsarkakakke ne. Ba haka abin yake ba. Wanda ya sa a aikata laifi, ko ya haɗa baki a kansa, shi ma doka tana kama shi. A 2006 shugabar hukumar daraktocin kamfanin Hewlett-Packard a Amurka ta so ta san wane darakta ne ke kai wa 'yan jarida labarin cikin gida. Masu binciken da aka ɗauka suka riƙa buga wa kamfanonin waya suna cewa su ne daraktocin ko 'yan jaridar, har aka miƙa musu jerin kiran da waɗannan mutane suka yi. Da asiri ya tonu sai ta rasa kujerarta, aka kuma gurfanar da ita, ko da yake an janye tuhumar daga baya. Kamfanin ya biya jihar Kaliforniya dala miliyan 14.5.

Na Ingila ya fi wannan muni. A farkon 2007 aka ɗaure Glenn Mulcaire, mai binciken da jaridar News of the World take biya, wata 6 saboda satar sauraron saƙonnin wayar ma'aikatan gidan sarauta. Jaridar ta ce aikin ɗan jarida ɗaya ne da ya kauce hanya. A 2011 aka gano cewa har wayar wata yarinya da aka kashe an saurara, jama'a suka fusata, aka rufe jaridar bayan shekara 168 tana fitowa. A 2014 aka ɗaure tsohon editanta wata 18.

Akwai kuma tambayar ko abin da aka samo ta haramtacciyar hanya zai yi amfani a kotu. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, a sashe na 14 da na 15, ta bar wa alƙali ya auna: yana iya karɓar irin wannan hujja, yana kuma iya watsi da ita idan ɓarnar karɓar ta fi amfaninta. Ko an karɓa, wannan bai wanke wanda ya samo ta daga tuhuma ba.

Ma'aikacin Gwamnati yana da nasa rabo a wannan magana, domin sau da yawa mai bincike ba ya haura katanga, akawu yake nema. A 2003 jami'an kare bayanai na Ingila suka binciki gidan wani mai bincike, suka tarar da littattafai cike da dubban buƙatun 'yan jarida, kuma wasu bayanan daga ofishin rajistar motoci da kwamfutar 'yan sanda aka sayo su. A Nijeriya akawun da ya miƙa fayil ɗin wani don an ba shi na goro yana fuskantar kora bisa ƙa'idojin aikin Gwamnati da tuhumar cin hanci, idan kuwa takardar ta sirri ce, dokar sirrin Gwamnati ta 1962 ma tana iya hawa kansa.