Harajin Saye a Amurka: Amanar da ke Hannun Mai Kanti

A kantunan Amurka, farashin da aka manna wa kaya ba shi ne abin da mai saye zai biya ba. Sai ya isa wurin biya ake ɗora masa harajin saye. Gwamnatin tarayya ba ta da hannu a ciki, saɓanin VAT ɗin kashi 7.5 da ake karɓa a duk faɗin Najeriya. Kowace jiha ke yanka nata, gunduma da birni su ɗora nasu a kai.

Jihohi 45 ne ke karɓa. Delaware, Montana, New Hampshire, Oregon da Alaska ba su da shi, sai dai a Alaska wasu garuruwa na karɓar nasu. Kalifoniya ce kan gaba da kashi 7.25, Kolorado kuwa 2.9 kacal. A birnin New York jiha na ɗaukar kashi 4, birni 4.5, a ƙara 0.375 na sufuri, jimla 8.875. Amma rigar da ba ta kai dala 110 ba, babu ko sisi a kanta.

Wahalar tana kan ɗan kasuwa. Sai ya yi rajista da jiha ya karɓi izini kafin ya fara karɓar harajin, sannan ya riƙa miƙa shi duk wata, ko duk wata uku, ko shekara-shekara, gwargwadon cinikinsa. Nan ne masu ƙananan shaguna ke zamewa. Kuɗin na kwana cikin asusunsu, sai su ɗauka jari ne su sari kaya da shi. Doka kuwa amana ta ɗauke shi. Wanda ya ci, jiha na iya bin dukiyarsa ta ƙashin kansa, ba ta kamfani kaɗai ba.

A da, mai sayarwa ta intanet ba ya karɓar harajin jihar da ba shi da shago ko ma'aikaci a cikinta. A 2018 Kotun Ƙoli ta rushe wannan a shari'ar South Dakota da kamfanin Wayfair. Yanzu yawan ciniki ake dubawa: dala 100,000 a shekara a jihohi da dama, 500,000 a Kalifoniya da Texas. Mai sayarwa ta Amazon ko eBay ya ɗan huta, domin su ke karɓa su biya a madadinsa. Wanda ke da shafinsa na kansa kuwa, shi zai bi adireshin kowane mai saye ya lissafa.