Ina Mai Tambaya Zai Dosa?

A Illela, kamar mil 50 arewa da Sakkwato, daura da Birnin Ƙonni, aikin da a da a ke yi da alƙalami da rajista yanzu ya fara komawa cikin waya. Ga misali manhajar ODK, wadda aka ƙirƙiro a Jami'ar Washington ta Amurka a 2008, ma'aikatan rigakafin shan-inna sun yi ta tattara ƙididdiga da ita a Arewa. To, amma manhaja ba ta rasa cijewa. In ta cije wa malami a ƙauye, wa zai tambaya?

Mu a ganinmu, lalle masu kula da irin wannan aiki su tanadi hanya uku.

Ta farko ita ce ta gaggawa, watau zauren WhatsApp, wanda tun 2022 ya ke ɗaukar mutum 1,024. Amfaninsa saƙon murya, domin wanda ya yi karatun Faransanci a Ƙonni da wanda ya yi na Ingilishi a Illela duk Hausa ta haɗa su. Illarsa kuwa, amsar yau gobe ta nutse, wani ya sake tambaya.

Sabo da haka a ke bukatar ta biyu, watau kundi. A naɗa akawu guda ya riƙa rubuta kowace tambaya da amsarta, a buga a takarda, a raba wa makarantu.

Ta uku ita ce ido da ido. A riƙa taro wata-wata ran Lahadi, ranar kasuwar Illela, tun da ya ke dama jama'a na shigowa gari.

Kada wani ya ce hanya guda ta isa. A Yuni 2021 Gwamnatin Tarayya ta rufe Twitter, ba a buɗe ba sai Janairu 2022. Ran 4 ga Oktoba 2021 WhatsApp ya ɗauke kamar awa 6 a duniya duka. A Satumba ta shekarar nan kuma aka yanke layin waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato sabo da 'yan bindiga. Wanda ya dogara ga waya kaɗai, a lokacin nan bai sami mai amsa masa ba.

Abu na ƙarshe, kada a yi wa sabon shiga dariya. Malamin da aka kunyata sau ɗaya ba ya ƙara tambaya, sai ya cika ƙididdiga da kuskure. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya sa mu gane.