Maganin Hawan Jini Ba Panadol Ba Ne

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a yankin nan namu, daga Kanya Babba zuwa Babura, har Kazaure da Roni da Gwiwa. Mutum zai je asibiti a auna shi, a ce jininsa ya hau, a rubuta masa magani. Ya sha na mako ɗaya ko biyu, nauyin ƙeya ya tafi, shi ke nan ya cusa sauran a aljihun tsohuwar riga. Ba zai sake tunawa da shi ba sai ran da kai ya sara. Ran nan kuma ba ɗaya zai haɗiya ba, biyu zai kora da ruwa, wai don ya rama kwanakin baya.

Wata ranar kasuwa ina zaune a bencin wani kemis, sai ga wani dattijo da na sani, mai sayar da hatsi, ya shigo yana dafe da goshi.

"Yaro, ba ni na hawan jinin nan ƙwaya biyu."

"Baba, ina takardar da likita ya rubuta maka?"

"Wace takarda kuma? Ɗan ƙaramin nan fari. Ai ka san shi."

Ya zaro wata leda daga aljihu don ya nuna samfuri. Ƙwayoyi ne a warwatse, an ɓallo su daga katinsu, wasu sun fara zama gari, ga ɓarin goro a tsakiya. Da aka tambaye shi, ya ce wasu nasa ne, wasu na uwargida ne, tunda "ai ciwon iri ɗaya ne." Yaron kemis ya roƙe shi ya zauna a auna shi. Ya ce kayansa na rana, wani jiƙon. Kafin a kai amfanin gona gida a shekarar, Baba ya faɗi wajen alwalar asuba. Baki ya karkace, hannun dama ya saki. Aka kwana biyu ana hayaƙi da tofi, wasu na cewa iska ce, wasu na cewa jifa, kafin a ɗauke shi zuwa Kano. Bijiman huɗarsa aka sayar. Ya rayu, amma yanzu jikansa ke ɗaura masa tazuge.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ba talauci ne ya kai Baba nan ba. Kuɗin maganinsa na wata bai kai abin da yake kashewa a goro da shayi ba. Sakaci ne, da kuma yarda cewa in jiki bai yi kuka ba, lafiya lau. To hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya yawo da awo 180 bisa 110 yana dariya a majalisa, alhali daga 140 bisa 90 likitoci suke fara cewa jini ya hau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu wannan ciwo ba su ma san suna da shi ba, kuma kamar mutum ɗaya cikin biyar ne kaɗai ya shawo kansa. Ciwon kai ba ma'auni ba ne. Ma'auni shi ne na'urar nan da ake ɗaurawa a damtse.

Maganin kuma ba warkar da ciwon yake yi ba, tare shi yake yi. Kamar dangar lambu ne: ba wanda zai tuge ta don yau bai ga akuya ta shiga ba. Ɗauki amlodipine, wanda da shi aka fi fara wa mutane a asibitocinmu, mai lamba 5 ko mai lamba 10, sau ɗaya a rana. Sai an yi kamar mako guda ana shan sa kullum kafin ya zauna daidai a jini. Wanda ya jira sai kai ya sara sannan ya haɗiyi ƙwaya, yaudarar kansa kawai yake yi. Wanda kuma ya haɗa biyu ko uku a lokaci ɗaya, jinin na iya faɗuwa ƙasa warwas, jiri ya kwashe shi a kan babur ko a bakin rijiya. In ka manta na safe ka tuna da rana, sha. In har lokacin na gobe ya matso, bar wancan ya wuce, ka sha ɗaya tak kamar yadda aka saba. Ba a ramuwa a nan.

Masu ciwon zuciya nasu ya fi tsanani. Atenolol da propranolol, masu rage gudun bugun zuciya, in aka yanke su rana ɗaya zuciya na iya zabura, ƙirji ya ɗauki ciwo, wani lokaci abin ya kai ga mummunan labari. Digoxin kuwa tsakanin maganinsa da gubarsa taƙi kaɗan ne. Wanda ya ƙara wa kansa, ya fara amai ko ya riƙa ganin abubuwa rawaya-rawaya, asibiti zai nufa a ranar. Furosemide, wanda aka fi sani da Lasix, mai sa fitsari, da safe ake shan sa, in ba so kake ka kwana kana zirga-zirga ba.

Na san wasu ba don ganin dama suke dainawa ba. Amlodipine kan kumbura idon sawu. Lisinopril kan kawo busasshen tari mai naci, wanda ba maganin tarin da ke kwantar da shi. Wasu magungunan kan taɓa ƙarfin namiji, kuma maza da yawa gara su jefar da kati su yi shiru da su buɗe baki su faɗa. Haba! Magungunan nan kala-kala ne, likita canza maka zai yi cikin minti biyu. Koma ka ce, "Likita, wannan bai karɓe ni ba." Kai da kanka ka yanke hukunci a ɗaki, wannan ne ba daidai ba.

Sai batun aro. Maƙwabciya ta ce kanta na juyawa, Hajiya ta ɓallo mata biyu daga nata, ana ganin zumunci aka yi. In maƙwabciyar nan tana da juna biyu, kuma ƙwayar lisinopril ce ko losartan, an cutar da abin da ke cikinta. Mai ciki da nata magungunan daban, irin su methyldopa, kuma a wajen awon ciki ake ba ta. Haka nan "ɗan ƙaramin fari" ba suna ba ne. Kamfanoni da yawa ke yin magani iri ɗaya, kuma mai lamba 5 da mai lamba 10 na iya zuwa da kama ɗaya. A bar ƙwaya cikin katinta, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a guji na cikin tire da ya wuni a rana.

Tunda na ambaci tire: maganin gajiyar nan da ake haɗawa a ƙulla a leda wa masu dawowa daga gona, sau da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki. Su kuwa suna ɗaga jini, suna rage ƙarfin maganin hawan jini, suna kuma wahalar da ƙoda. Gishiri ma haka: abin da aka yarje wa babba a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin dunƙule da yaji. Kanwa ma danginsa ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da gashin jego da kumburin zuciyar da ke kama masu haihuwa. Zoɓo da tafarnuwa da zogale kuwa, ba wanda ya hana ka, amma kada su zama dalilin ajiye ƙwaya.

Azumi ba uzuri ba ne. Mai shan sau ɗaya a rana yakan iya mayar da shi sahur ko buɗa-baki. A tambayi ma'aikacin lafiya tun cikin Sha'aban, musamman mai shan na fitsari, don ƙishin yankin nan ba wasa ba ne.

Abin da nake roƙo bai da yawa. Ɗaura shan maganin da wani abu da ba ka taɓa fashinsa, kamar sallar asuba: ka sallame, ka sha. Kada ka jira kati ya ƙare. In saura na kwana biyar, sayo wani, kuma in za ka ci-rani ko fatauci, ɗauki na tafiyar gaba ɗaya. 'Ya'yan da ke Kano da Legas da Abuja, turo kuɗi kaɗai bai isa ba. A naɗa mutum ɗaya a gida wanda zai miƙa wa tsoho ƙwayar a hannu ya ga ya haɗiye. A samu ƙaramin littafi ana rubuta awo da kwanan wata, ko a asibitin garinku aka auna ko a babban asibitin Babura ko na Kazaure. Ran komawa ganin likita, a kwashi duk abin da ake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya, a zube masa a tebur. In kuwa baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta harɗe, a nemi mota nan take. Addu'a a yi ta a hanya.