Yadda Ake Zaɓen Waƙoƙin Lahadi a Majami'ar Lutheran

A garin Numan na Jihar Adamawa, inda kogin Gongola ke zuba a Binuwai, nan hedkwatar majami'ar Lutheran da aka fi sani da LCCN take. Wani likita ɗan ƙasar Denmark, Niels Brønnum, ya aza tubalinta bayan isowarsa garin a 1913. Mabiyanta sun haɗa da Bachama da Longuda da Chamba da Kilba, kowa da yarensa, amma in an miƙe waƙa tare, galibi Hausa ke haɗa bakinsu.

Ba daɗin murya kaɗai ake bi wajen zaɓen waƙar sujada ba. Kowace Lahadi tana da nata karatun daga Littafi Mai Tsarki, kuma a kansa za a yi wa'azi. Don haka mai zaɓe yakan fara duba nassin, sannan ya buɗe Littafin Waƙoƙi ya nemo wadda ta dace da shi. Akwai waƙar buɗe sujada, da ta wa'azi, da ta baiko, da ta Jibin Ubangiji, da ta sallama.

Kalandar ekklesiya ma tana da ta cewa. Makonni huɗu kafin Kirsimeti waƙoƙin jira ake yi. A kwana 40 na azumi kafin Ista, al'adar Lutheran ita ce a ajiye Halleluya, a koma waƙoƙin tuba, sai ranar Ista a ɓarke da murna.

Asalin waƙoƙin Lutheran ya koma Jamus. A zamanin Martin Luther, malamai da mawaƙa ke rera yawancin sujada da Latin, jama'a na sauraro. Luther ya so talaka ya buɗe baki da harshensa, sai ya tsara waƙoƙi sama da 30 da Jamusanci. Littafin waƙoƙin Lutheran na farko ya fito a 1524 da waƙoƙi 8, huɗu nasa ne. Daga baya Johann Sebastian Bach, wanda ya kama aiki a Leipzig a 1723, ya riƙa tsara kiɗa na musamman bisa karatun kowace Lahadi.

 

A Numan, mata ke riƙe da babban kaso na waƙar. 'Yan Zumuntar Mata sukan fito da anko, da tulu da kuge da caki, jagora ta ba da waƙa sauran su amsa. Da yawa daga cikin waƙoƙinsu su suka tsara da kansu, ba a littafi suke ba, kuma da ka ake koyonsu a wajen gwaji cikin mako.