Sai an Koyar da Malamin Tukuna

Jama'a, sanin kowa ne ɗalibin likita ba ya gwanancewa sai hannunsa ya saba da aiki. To, a jikin wa zai saba? A da a jikin majiyyaci yake koyo, in kuwa ya kuskure, majiyyacin ne ke ɗaukar hasarar. Saboda haka manyan makarantun likita suka koma ga mutum-mutumin roba, wanda za a yi kuskure goma a kansa ba a rasa rai ba.

Dabarar ta daɗe. A shekarar 1759 Sarkin Faransa ya umurci wata ungozoma, Madam du Kudure, ta zaga ƙasarsa tana koya wa matan ƙauye karɓar haihuwa da wata siffar mace wadda ta ɗinka da fata da yadi, har da jaririnta. Irin na zamanin nan kuwa suna numfashi, suna ƙifta ido, ana jin bugun zuciyarsu, malami na bayan gilashi yana sarrafa su da kwamfuta.

Amma fa sayen na'ura shi ne mai sauƙi. Malamanmu sun sani allo da tawada ba su karantar da yaro. Babban likita, ko ya shekara ashirin yana fiɗa, ba lalle ne ya iya wannan koyarwa ba, gama ya saba ya yi bayani ɗalibai na saurare. A nan kuwa sai ya kame bakinsa, ya bar ɗalibi ya kai kuskurensa ƙarshe. Don haka ake fara zaunar da malaman jami'a su ɗauki karatu. A birnin Boston na Amurka akwai wata cibiya da aka kafa a 1993, inda suke zuwa domin wannan. Ana koya musu shirya labarin cuta yadda zai yi kama da na gaske, sa'an nan abin da ya fi wuya, watau zaman bita bayan an ƙare. Malami ya faɗi abin da ya gani ba rufa-rufa, kana ya tambayi ɗalibi me ke ransa sa'ad da ya yi haka, domin a can tushen kuskuren yake. Ɗalibin da aka kunyata gaban 'yan'uwansa, gobe ɓoye kuskurensa zai yi, a kan gadon majiyyaci kuwa zai ɓoye shi.

An ga amfanin wannan horo a Tanzaniya. A 2009 aka soma wani shiri a asibitoci 8 da 'yar tsana mai araha wadda ake cika ta da ruwa. Aka horar da manyan malamai, su kuma suka horar da ungozomai yadda za a taimaki jaririn da bai yi numfashi ba cikin minti ɗaya da haihuwarsa. Rahoton 2013 ya nuna mutuwar jarirai a yinin farko ta ragu da kashi 47 cikin 100.

Labarin asibitin Haydom na can ya fi cancantar a lura. Bayan darasin yini guda, ungozomai suka iya aikin a jikin 'yar tsana, amma a ɗakin haihuwa hannunsu bai sake ba. Daga 2011 aka ajiye 'yar tsanar nan inda suke aiki, aka naɗa masu koyarwa daga cikinsu, ana maimaitawa 'yan mintoci kaɗan a kai a kai. Sa'an nan ne mutuwar jarirai ta ragu a wannan asibiti.